Abin da Ermelinda ta faɗa wa baƙon ɗaki na huɗu

Ga makullinka. Ɗan gardama ne,
sai ka jawo ƙofar kamar za ka rungume ta
kafin ya yarda ya juya.
Matakala sittin da uku. Shekara arba'in ina ƙirgawa,
ba su ragu ba, gwiwata ce ta ragu.
In ka leƙa taga ta hagu, kogi ne,
ta dama, wandon maƙwabci a kan igiya.
Duka biyun Lisbon ne, kada ka raina ɗaya.

Ajiye taswirar nan.
Wanda ya zana ta bai taɓa hawa tudunmu da cefane ba.

In yunwa ta taɓa ka,
wuce duk inda aka liƙa hoton abinci a ƙofa.
Bi hayaƙi, shi ba ya ƙarya.
Zai kai ka lungu na uku, wurin Anacleto,
mai gira kamar tsohuwar tsintsiya,
yana juya sardin a kan gawayi.
Gishiri kawai, da burodi a ƙasa yana shan man.
Ci da hannu.
Wanda ya nemi cokali, yakan ƙara masa kuɗi,
wai ladan wanki.
Kada ka yi masa zancen ƙwallo,
ran Lahadi aka lallasa su, har yau bai huce ba.

Ƙaramin jirgin nan rawaya mai kuka a kwana,
kada ka hau shi da rana, gwangwani ne cike da kyamara.
Hau na asuba, tare da masu shara da masu gashin burodi.
Zauna ta baya, ka saurari birki.
Belmiro, mijina, shekara ashirin da shida ya ja shi.
Daga kicin nakan gane ƙararrawarsa:
biyu a jere, sannan ɗaya,
wato ɗora ruwan kofi, ga ni nan.
Yaran yanzu bugawa kawai suke yi.

Talata da Asabar kasuwar ɓarauniya ke ci.
Haka sunanta, ba ni na raɗa mata ba.
Akwai agogo marar hannu, takalmi wari ɗaya,
hotunan bikin mutanen da ba mai nemansu.
Taya rabi, ka juya baya, za a kira ka.
Amma tayil mai shuɗin zane, kada ka saya.
Daga bangon wani aka ɓamɓaro shi da dare,
wataƙila nawa.

In maɓallin rigarka ya cire, je wurin Custódia,
tana da kowane launi na zare a duniya…
A'a, dakata. Ta rufe tun kafin Kirsimeti.
Ƙanƙara mai zaƙi ake sayarwa a wurin.
Mai gyaran takalmi ma ya koma hayin kogi,
haya ta kore shi, shi da kyanwarsa.
Ka ga ƙananan akwatunan nan masu lamba
da suka maƙale a ƙofofi kamar kaska?
Kowanne ɗaya, iyali guda ne ya tashi.
Ba da kai nake ba. Da kuɗinka nake sayen magani.

Da yamma ka hau ganuwa.
Kowa zai juya wajen gada yana ɗaukar rana hoto.
Kai ka dubi ƙasa, cikin jajayen rufin nan,
ka nemi zanin gado shuɗi yana kaɗawa.
Naka ne, na wanke da safe.

Karin kumallo ƙarfe takwas, ba na jira.
Kuma ranar tafiyarka, don Allah,
ɗauki akwatin nan a hannu.
Tayoyinsa a kan duwatsu na tashin Gertrudes,
barcinta ba nauyi,
kuma ita kaɗai ta rage mini a layin.