Casa'in da Ɗaya

Asabar a Sheffield, yayyafi tun asuba.
Na ajiye bas, na rataye rigar aiki,
na hau bene na biyu na ɗakin karatu
inda Malama Bethan ke koyar da kwamfuta.
Ni kaɗai ne mai furfura,
gwiwoyina sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur.

Jikata Zubaina ce ta rubuta sunana.
Ta ce, "Kaka, zo ka ga kunkuru."
Na ce, kunkuru a Ingila, cikin wannan sanyi?

Ashe ɗan tsinin kibiya ne a tsakiyar farin allo,
ba ƙoƙon baya, ba ƙafafu,
ya yi tsit yana jiran umarni.
An ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa.
Wannan zane ya so, ni ne yatsunsa,
yatsun da sitiyari ya sandarar
shekara ashirin da shida.

Yi gaba taki ɗari.
Juya dama, digiri casa'in.
Na rubuta sau huɗu, da yatsa ɗaya, ina cije leɓe.
Ya ƙi motsi.
Jan rubutu ya fito daga ƙasa yana yi mini faɗa:
wai na buɗe baka ban rufe ba.
Baka guda!
Ko mahaifina bai kai shi tsanani ba,
shi da ke warware ɗinkin yini
don zare ɗaya ya kauce.

Na rufe bakan. Ya kama hanya
yana barin layi a baya kamar katantanwa,
ya dawo inda ya tashi.
Murabba'i: ɗaki ba ƙofa, ba taga.
Yaron da ke gefena, ɗan shekara tara,
tuni ya gina gida har da bututun hayaƙi.

Malama ta ce kada in wahalar da kaina,
in faɗa sau ɗaya, in ce masa ya maimaita.
Na ce bari in ga iyakar haƙurinsa,
na sa masa sau ɗari uku.
Tabarau na can cikin aljihun rigar aiki.
Inda zan danna sifili, na danna ɗaya.

Ya tafi, ya juya, ya juya,
ya zo kusurwa ya kuskure ta da kaurin gashi.
Bai ƙara taka sawunsa ba.
Ɗaki ya hau kan ɗaki a karkace,
kusurwoyi suka narke, baki ya zama da'ira,
tsakiya ta buɗe kamar ido.

Na san wannan abin.
Tambari ne, na bayan shuɗiyar riga,
a zaurenmu na Zariya,
Baba a kan buzu, allura tsakanin haƙora,
wata biyu yana kewaya wuri ɗaya da farin siliki
har idanunsa suka fara ruwa.
Ya miƙo mini allurar ina ɗan sha bakwai,
na ce ni mota nake so.
Bai ce komai ba. Ya soke ta a hularsa.

Kunkuru ya gama kafin shayina ya huce.
Ban san ko haushi na ji ba, ko kunya.

"Kaka, ka yi kuskure, casa'in ne."
Ta kai hannu za ta goge,
na riƙe mata wuyan hannu.

Malama Bethan ta sunkuyo, ta gyara gilashi,
ta ce me ake kiran wannan a wajenku?
Na buɗe baki, Turancina duk ya tsere.
Na ba da fam ɗaya, aka buga mini a takarda,
aka ba ni canji,
na ninke ta huɗu na cusa a ƙirji saboda ruwa.

A tashar bas, Zubaina na lasar alewa,
ta ɗago kai ta ce,
"To in aka sa casa'in da biyu fa?"