Kofi Biyar a Kwalba

Litinin ce, ba mu buɗe ƙofa ba.
Ruwan Legas na dukan rufi tun hantsi,
ni kuma ina bayan kanta da ƙyallena,
ina goge kofunan nan masu dogon wuya,
ina ɗaga su ga fitila ɗaya-ɗaya,
don ko sawun yatsa Madam ba ta yafewa.

Dillali ya shigo, takalmi sharkaf,
Mista Ogunbanjo, da kwali a kafaɗa.
Kwalba shida ya jera a kan tebur.
Madam Morenike ta jawo biro da kalkuleta.
Ta ce masu sayen kwalba guda sun yi wuya
tun da dala ta hau rimi ta ƙi sauka.
Har mutanen Ikoyi sun koyi lissafi,
kofi ɗaya suke so, mai kyau,
wanda ba zai sa su duba waya sau biyu ba.

Aka kira Obiora daga kicin.
Ya tsiyaya ja, ya juya kofi, ya sansana,
ya kurɓa, ya kurkure, ya tofar a bokiti.
Na ce a raina: ga kuɗin motata na mako
an zubar da shi tare da miyau.

Ni ban taɓa kai ta baki ba.
Duk sun sani, ba mai miƙo mini.
Amma hanci ba ya neman izini.
Shekara talatin Baba ya yi a Mile 12,
kafin a kwance kwando ya san na ƙasa ya ruɓe,
hancin nan kaɗai ya bar mini gado.

Ta huɗu na da tambari a ƙirji,
ruwan zinare, kamar tsohon kwabo.
Wai gasa ta ci a wata ƙasa mai sanyi,
alƙalai sun ɗanɗana ba su ga suna ba.
Kuma ita ce kusan mafi araha.
Madam ta tsuke baki.
Da ta ji Hausa, da na ce mata araha ba ta ado.
Dillali ya ce gonar ƙarama ce,
ba su da kuɗin talla, sai inabi.

Madam ta ce a toshe su duka,
mu ga wadda za ta kai Laraba da ranta.
Kwalbar da aka buɗe kwananta ƙidayayye ne,
kofi biyar ke cikinta,
in biyu suka tsame, riba ta bi rariya.

Laraba Obiora na fama da mura.
Madam ta dube ni ta gefen ido:
"Haladu, daga nesa kawai."
Na tsaya kamu biyu daga tebur.
Mai tsadar nan ta juya,
warin tsamiyar da ta kwana a jiƙe.
Ta huɗu tana nan yadda take,
ɗinya nunanniya, da ɗan ƙamshin sabuwar tukunya.
Na nuna ta da haɓa.
Aka rubuta ta da alli a kan allo.

Daren Juma'a wata mata ita kaɗai,
ta cire takalmi a ƙarƙashin tebur,
ta ci gasasshen kifi, ta sha kofi guda a hankali,
ta biya, ta bar ɗari biyar a faranti.

Sha biyu saura na sauka a Obalende.
Ɗanjummai mai shayi na kan bencinsa,
ya huda gwangwanin madara,
ya auna da ido, ya tsiyaya mini.
Na ce, "Kofi nawa kake fitarwa a gwangwani?"
Ya ce, "Biyar, in hannu bai yi rawa ba."
Na yi dariya har shayi ya ƙona ni.