Kwana Arba'in Ba Hajo

Hajo ta tafi Wurno zaman jego,
'yar autarmu ta sauka lafiya, namiji.
Ta bar mini makullin ɗaki da randa biyu,
da tiya goma ta gero, da gargaɗi kan gishiri.

Ba ta ce kome kan wanki ba,
ni ma ban tambaya ba.
Wanda ya koyar da lissafi shekara talatin da ɗaya
zai rasa yadda riga ke yin fari?

Ran Laraba na ɗauko rigar Juma'a.
Ga yawun goro a bakin aljihu,
ga zufar bazara ta yi wa wuya kwanciyar magirbi,
jar ƙasar Mabera ta ci ƙafar wando har ta yi tauri.

Na hau kabu-kabu sai Tsohuwar Kasuwa,
shagon Namadina, bayan masu albasa.
Na ɗaga kai, ido ya raina fata:
omo leda-leda, kore da ja da ruwan ɗorawa,
sabulu sanda-sanda, ruwan bilic a gora,
kowanne da hoton riga mai ƙyalli, sun yi jeri.

Na ce, "Wanne ya fi?"
Ya ce, "Malam, duk na saisuwa na.
Wanga shina kumfa awa bakin raƙumi,
wancan ƙamshi garai, wanga ko sai ƙarhi,
in ka bari ya kwana, har zaren shika ci."
Na ce ya ba ni mafi tsada, na bar masa canjin ɗari.

Rabin leda na juye a bahon Hajo.
Kumfa ta tashi, kaji suka watse.
Na tsoma riga da wando, na bi su da jan hankici,
don ɗan garuwa ba ya ragi a jarka.
Abin da na tsamo, launin cikin gwaba:
shi ba ja ba, shi ba fari.

Haliru mai walda ya leƙo ta katanga,
ya ce maganin wannan sai bula.
Cokali nawa? Bai faɗa ba, na zuba uku.
Da la'asar rigata na lilo a igiya
kamar gabas in ta haɗa hadari.

Bayan isha'i na kira Wurno.
Ta yi dariya har jariri ya farka.
"Malam, ba a leda abin yake ba.
Fari da fari ake haɗawa, ko zare ja kar ya shiga.
Omo tafin hannu ɗaya, ka jiƙa tun asuba,
wuya da hammata sabulun sanda, ka cuɗa da haƙuri.

Goro kuwa, lemun tsami tun yana ɗanye.
Ɗauraya uku, sai ruwa ya fito kamar na sha.
Bula, abin da kan tsinke ya ɗauka.
Ka juya ta ciki waje, ka ba rana sauran aikin,
ranar Sakkwato ba ta karɓar ko sisi,
kuma ka kwashe da wuri."

Na ajiye waya na zauna a tabarma.
Shekara nawa ake ce mini Malam mai farar riga?
A aji, a masallaci, a wajen ɗaurin aure,
ina amsawa, har da gyara hula,
kamar ni na yi wa kaina kirari.

Na tuna bayan hannunta,
tsagar nan ta gefen babban yatsa da ba ta warkewa.
Na sha gani in tana miƙo mini fura.
Ban taɓa tambayar labari.

Juma'ar nan da kaftani ruwan ƙasa na fita.
A dawowa na sake bi ta wajen Namadina.
Ya miƙo leda, na ce a'a,
man kaɗe nake so, gwangwani babba, mai kyau.
Saura kwana goma sha tara.
Na ajiye shi kan tagarta, na rufe da faifai,
na jiƙa wando na biyu, ina koyo tun daga fari.