Ƙasar da Ta Sha Mai

Da safe nakan durƙusa a bakin rami na goma sha ɗaya,
in ɗebi ƙasa da cokalin ƙarfe, in zuba a kwalba.
Tun kafin in kai ɗakin gwaji
hancina ya gama karanta sakamakon.

Nan gefen Baku ne, inda iska ba ta san zama ba.
Shekara da shekaru jakunan ƙarfe na gyaɗa kai a filin nan,
suna cewa "to, to" ga duk wanda ya zo ɗiba.
An kwashe su yanzu.
An bar mana abin da suka amayar.

Kakana Shahmar a nan ƙarfinsa ya ƙare.
Kakata ta ce ko ranar da aka yi masa wankan ƙarshe
baƙin bai bar ƙarƙashin farcensa ba.
Jiya katafila ta tono takalmin roba, ƙafar hagu,
cike da kwalta.
Na san ba nasa ba ne. Na dai sa shi a bayan mota.

A bakin titi an kafa allo: fararen benaye,
yara kan lilo, ciyawa shar kamar an shafa mata fenti.
Ƙarƙashin allon, sara ɗaya da shebur,
ƙasa baƙa ƙirin, mai danƙo, tana sheƙi kamar ɗanyar hanta.

Aikinmu ba ya son gaggawa.
Mu tono, mu ja kunya ashirin,
mu cuɗa da tattaka da kashin tumaki,
mu yayyafa ruwa, mu juya, mu jira.
Akwai wasu halittu da ido ba ya gani,
mai ne cimarsu.
Ba su da albashi, ba sa jin tsawa,
sanyi na shigowa sai su yi barcinsu.

Mai kamfani ya zo, ya tsaya kan katako don takalminsa.
"Mirwari hanim, sa hannunki kaɗai ya rage.
A zuba yashi mai tsabta kamu biyu a sama, wa zai sani?"
Na ce itacen rumman zai sani
ranar da saiwarsa ta kai kamu na uku.
Yaron da ke cin ƙasa a bayan idon uwarsa zai sani.
Ya dubi agogo.
Biro na aljihuna, ban ciro ba.

Wadda ta fi ba ni wuya Ruhangiz ce.
Zinarenta ta sayar ta biya kafin alƙalami.
Duk Asabar tana zuwa da shayi,
ta tsiyaya mini a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu,
ta nuna sama, inda ba kowa sai tsuntsayen teku:
"Can ne tagar kicin ɗina, hawa na uku."
Ba ta taɓa ce mini yaushe ba.
Da ma ta ce.

A tagar kwantenar ofis na jera faranti,
kowanne da ƙasar kunya guda, na barbaɗa irin lafsur.
Watan farko, shiru.
Na biyu suka leƙo rawaya, suka kwanta.
Lambobin na'ura na sauka a hankali
kamar tsoho a matakala.

Yau, bayan ruwan dare,
Ilgar ya kashe katafila ba lokacin tashi ba,
ya diro a guje, hannu a dunƙule.
Na zaci yatsa ya datse.
Ya buɗe tafi: tana ce,
guda ɗaya, siririya, ja,
tana murɗa jiki cikin ƙasar kunya ta huɗu.
Ƙato da gashin baki, ya tallafe ta kamar jaririya.
Muka mayar da ita inda ya same ta, muka lulluɓe da tattaka.

Kunya ɗaya ce tak. Saura goma sha tara.
Rami na goma sha ɗaya har gobe warinsa na hawa kai.
Amma ran Asabar zan ja hannun Ruhangiz
ta juye ganyen shayinta a can.
Maƙwabciyarta ta farko ta riga ta tare.