Komai Nisan Jifa

Ƙarfe uku saura kwata wayata ta yi ƙara.
Duarte ne daga Lisbon, muryarsa na rawa:
"Majken, na kulle kaina a waje."
Ban tambaye shi yadda aka yi ba.
Na laluba safa a duhu, na sa ta a baibai.

A Boden, cikin Janairu,
rana baƙuwa ce mai gajeren zama,
mota kuwa sai an lallashe ta kafin ta tashi.
Kilomita talatin da shida ni da ɗakin injuna,
dusar ƙanƙara ta shafe layin titi,
fitilata kawai ke tuna mini inda hanya ta nufa.

Ga abin da ya faru.
Akwai ƙaramar na'ura can saman dirka ta tara,
ba ta ɗaukar hoton kowa, ba ta kai saƙon kowa,
aikinta ɗaya ne: ta ara wa na nesa hannu da ido.
Ta cikinta Duarte ke ganin allon kowace sabar,
ya kashe, ya kunna, ya danna, ya gyara,
alhali yana zaune da gajeren wando a bakin teku.
Yau ya zo sauya mata adireshin mashiga,
yatsa ya zame,
ya rubuta goma sha biyu a gurbin ashirin da ɗaya.
Ta karɓa, don ba ta musu.
Daga nan ta daina jin kiran kowa.

Marigayi Elof, wanda ya koya mini aikin nan,
ya sha faɗa, yana nuna ni da abin yankan waya:
layin kula daban, layin jama'a daban,
kebul rawaya kada ya kwana da shuɗi.
A bar ƙofar baya da makullinta,
a rubuta lambarta da biro, a liƙa a jikin ƙarfe,
don takarda ba ta buƙatar intanet.
Muna dariyarsa a lokacin.

Mun ma yi ƙofa ta uku, ta layin salula,
sai dai wani a ofishin kuɗi
ya ga kurona tamanin na fita duk wata,
bai san na mene ne ba, ya soke.
Ya yi tsimi. Ni na biya da barcina.

Ɗakin na huci kamar kullum,
fankoki dubu, babu mai sauraren wani.
Na hau tsani, gwiwata na ƙorafi,
na soka kebul a ramin da ba ya tambayar adireshi.
Baƙin allo, farin rubutu.
Takardar Elof na nan, ta yi ja don tsufa.
Biyu, ɗaya. Na adana. Na sake dubawa.

Fitilar ta yi jim,
ta ƙifta sau ɗaya,
ta koma kore.

Sai ga linzami na yawo a allon gabana
ba hannun kowa a kai.
Duarte ya dawo gida.
Ya buɗe fili ya rubuta mini na gode sau huɗu,
har da kuskure a na ukun.

Suna cewa yanzu komai daga nesa ake yi.
To. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo,
ƙasar kuwa yau ni ce,
mace mai shekara hamsin da takwas
da safa a baibai.

Kafin in fita na sabunta takardar,
na kwafi lambobin da nawa rubutun,
na liƙa ta ƙarƙashin tasa.
Ban cire tsohuwar ba.
Kofin da na bari a mota ya daskare.