Mai Riƙon Igiya

Shekara arba'in ina sauka ƙasa,
igiya a ƙugu, dagi a hannu.
Daga Tibiri zuwa Madarunfa
ba ƙasar da ban shaƙi laimarta ba.
Sama a wurina faifai ce,
ɗan fari, can nesa, a bakin rijiya.

Yau ga jikata Zulai, shekararta tara,
ta ɗaura igiya, ita sama ta nufa.

Maradi ba ta da dutse, kowa ya sani,
yashi ne da Gulbi da lambuna.
Sai Mushe Harisu ɗan Bagalam,
da ya yi karatu inda duwatsu suke,
ya tsai da bango a bayan gidan matasa,
ya kafa masa ƴan dunƙule, ja, kore, ruwan ɗorawa,
kamar an watsa alewa a jikin siminti.
Unguwa ta ce aikin banza.
Ni ma na ce.

Kowace hanya da lambarta,
shida da harafi, bakwai da harafi.
Ni gaba na sani, gaba goma, gaba ashirin.
Na ce bangon nan bai kai gaba bakwai ba.
Zulai ta yi dariya har giɓinta ya fito:
"Kaka, ba tsawo ake ƙirgawa ba,
wuya ake ƙirgawa."

Akwai wata hanya mai jajayen dunƙule
inda bango ya turo goshi kamar rago.
Ƴan kwana-kwana biyu sun gwada ta,
ƙarti, masu damtse kamar taɓarya,
suka reto a igiya suna dariyar kunya.
Lawali, ɗan mai waina, ya haye ta ran Laraba,
shekararsa goma, wandonsa da faci.
Zulai ta faɗo sau goma sha tara.
Na ƙirga.
Fatar yatsunta ta saɓule, lalle ya ƙi kamawa,
uwarta ta yi faɗa har tuwo ya huce.

Ran Asabar mushe ya dubi hannuna,
ya ga kanta, ya miƙo mini igiya.
Ya ce, "Baba, ba a ja.
Riƙewa kawai ake yi."

Ba a ja!
A rijiya, na sama shi ke fid da na ƙasa.
Nan kuwa ka tsaya, wuyanka a tanƙware,
ƙarfinka duka yana hannu, ba ka da izinin ba da shi.

Ta shafa alli, ta hura yatsu.
Ta hau kamar tsaka, ba gaggawa.
Da ta kai goshin nan sai ƙafa ta zame,
igiya ta yi rawa, cikina ya kaɗa,
ta rataye da yatsu uku,
ta ɗaga diddige sama da kanta
ta maƙale shi inda ban ga komai ba.

A nan na tuna Ɗan Tani.
Shekara arba'in yana riƙe mini igiya,
in na fito sai in tarar yana gumi,
in ce, kai da ke inuwa, me ya jiƙa ka?
Bai taɓa ba ni amsa ba.
Bara muka kai shi.

Ta dafa dunƙulen ƙarshe da hannu biyu.
Yara suka ɓarke da ihu, mushe na rubutu a littafi,
bakwai da harafin da ban iya faɗi ba.
Ita ko tana can tana kira:
"Kaka, ga rufin gidanmu! An bar akuya a kwance!
Sauko da ni!"

Saukarwa dai aikina ce.
Na sake mata igiya a hankali, taki bayan taki.
Ba ta kai nauyin gugan laka ba.

A hanya ta ce in saya mata ƙuli-ƙuli.
Na sa hannu aljihu, na kasa kama dala,
rigata a jiƙe sharkaf.