Kaset Huɗu daga Kakuri

A bayan masaƙar da ta yi shiru a Kakuri
akwai shagon Baba Gimba mai gyaran rediyo.
Shekara goma sha tara ya yi a gaban injin saƙa,
kunnensa na hagu can ya baro shi.
Da na daman yake jin fiyano.

Rediyon Inna na kai masa, ta daina kama tasha.
Na tarar da wani sauti yana ɗiga daga akwatin katako,
ɗis, ɗis, kamar indararo bayan an ɗauke ruwa.
Na ce, Baba, kiɗa ba waƙa?
Ya ce, tuwo ma ai ba ya magana, kuma kina ƙoshi.

Ya jawo kwalin sabulu daga ƙarƙashin benci.
Masu kiɗan, in ji shi, sun daɗe a ƙasa,
sunayensu sun fi ƙarfin harshensa,
shi ya sa ya kankare, ya rubuta nasa da jan biro.

Ga na asuba.
Hannu biyu ne suke bin juna,
zaren tsaye da zaren kwance,
wannan ya faɗi magana, wancan ya amsa daga ƙasa,
ba wanda ya taka ƙafar ɗan'uwansa.
Ki sa shi kafin ki ɗora ruwan koko.

Ga na ranar albashi.
Yatsu ne kamar yara an tashe su daga makaranta,
gudu ba dalili.
Gajere ne. Albashin ma haka yake.

Wannan na cunkoson gada ne,
lokacin da motoci suka cije a kan kogi,
kwandasta yana zagi, rana tana dukan ƙeya.
Da faɗa yake farawa, kamar ana jifan kwanon rufi,
ki ƙyale shi ya yi fushin a madadinki.
Can tsakiya zai sauko,
ya koma kamar mai ba da haƙuri,
sai ki ga ashe akwai masunta a ƙasa, suna jan koma,
ba ruwansu da ku.

Na huɗun babu rubutu.
Ya juya shi a tafin hannu, ya hure ƙura.
Shi na sa daren da muka dawo daga kai Asabe.
Hannun hagu yana jijjiga kamar mai goyo,
na dama yana son ya yi magana, yana fasawa.
Kada ki yi masa gaggawa.
Ranarsa ta san hanyar gidanku.

Da zan fita ya ƙara da cewa:
kada ki nemi wurin taka rawa, babu.
Ki bi hannun hagu, shi ne mai ɗaukar kaya.
In kuma kin ji shiru, kada ki taɓa rediyon,
ba lalacewa ta yi ba,
shirun ma bugawa aka yi.

Yau damina uku ke nan.
Na asuba ya sha naɗi da biro har ya fara shaƙewa,
na gada ya san duk direbobin Sabon Tasha.
Na huɗun yana ƙasan akwati, cikin zanen da ban taɓa ɗinkawa ba.
Wasu dararen, in Inna ta yi tari ya daɗe,
nakan buɗe akwatin a hankali,
in taɓa shi,
in mayar da murfi.